Kilo Biyu da Inci Biyu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ke, bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Allah ya tsare ki daga sharrin hanya da na direba mai gaggawa, ya haɗa ki da mutanen kirki a can inda aka tura ki bautar ƙasa, ya dawo mana da ke da ƙafafunki. Babanku yana gaishe ki, ko da yake bai san na rubuta ba. Na naɗe takardar a cikin koren siket ɗinki na atamfa ne don kada ki gan ta sai mota ta yi nisa da Funtua. Kada ki wurgar da siket ɗin gefe, ajiye shi a kan cinyarki, za mu zo kansa.

To, gaisuwa ta ƙare. Raina a ɓace yake, ba kuwa zan ɓoye miki ba. Tun jiya ko zare na kasa zura wa allura.

Jiya da hantsi kin tafi yi wa kawunnanki sallama, ni kuma ina jera miki kayan da na ɗinka a akwati, sai hannuna ya taɓo wata leda a aljihun murfi. Kwali huɗu na shayin nan na rage ƙiba, da wata 'yar kwalba cike da ƙwayoyi, ko sunan kirki babu a jikinta sai hoton wata mata mai ƙugu kamar na zanzaro. Ina zaune da ledar a hannu sai ga sallamar Malama Asabe, mai gidan motsa jikin matan da kike zuwa, jim ɗin nan naku na saman bene. Yadi ta kawo in ɗinka mata, amma ita ce ta kwance mini sauran zancen. Ta ce wata ɗaya da rabi ke nan rabonki da wurin. Ta ce ranar ƙarshe kin hau sikeli, kika ga kin ƙara kilo biyu a kan nauyin da kika fara da shi, kika sauko kika ɗauki jakarki, ko sallama ba ki yi mata ba. Ta kira wayarki har ta gaji ta bari.

Ni kuwa kullum safiya ina ganinki kina fita da takalmin kambas, ina cewa a raina Allah ya yi wa yarinyar nan albarka. Ashe gidan ƙawarki kike zuwa ki kwanta da yunwa. Ashe tuwon da kike shiga ɗaki da shi kaji ke cinyewa ta taga, ni ina ta mamakin yadda kajin bayan gida suka yi ɓul-ɓul ba tare da na ƙara musu dusa ba. Ashe faɗuwar da kika yi a bikin nan na garin Maska ba zazzaɓi ba ne kamar yadda kika ce mini. Kin san inda kika zube kuwa? Taku biyu ne tsakanin kanki da tukunyar miya tana tafasa. Ni na ɗago ki, na ji jikinki sanyi ƙalau, aka kai ki aka yi miki ƙarin ruwa, kika buɗe ido kika dube ni kika yi mini ƙarya.

Haba, ke da kika yi shekara huɗu a jami'a! Likita ya duba jininki ya ce sukarinki ya fara leƙowa, tunda uwarki na da ciwon to ki tashi ki motsa jiki tun da wuri. Kika fara, kika yi wata biyu da rabi kina yi, numfashinki ya daidaita, kina hawa benen nan ba tare da kin tsaya a tsakiya ba. Sai wani faranti mai allura ya nuna miki lamba, kika watsar da komai kika koma wa shayin da ke kai ki bayan gida sau shida a yini. Yanzu kuma da wannan jikin za ki shiga sansani, inda sojoji za su tsayar da ku fareti a rana na tsawon mako uku, babu ni, babu babanku, babu wanda ya san ki balle ya lura ba ki ci abinci ba. In kika zube a can wa zai ɗago ki? Abin da ya hana ni sukuni ke nan, shi ya sa na ture keken ɗinki na ɗauki biro.

Da baki ba zan iya ba, kin sani. Ke ce ɗiyata ta fari. Shekara ashirin da huɗu ban kira sunanki ba, ban yabe ki a gaban mutane ba, ban zaunar da ke na yi miki zancen jikinki ba. Haka na ga uwata ta yi wa yayanmu, haka na yi. Amma takarda ba ta da ido, don haka yau za ki ji abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ba fushi da ke kaɗai nake yi ba. Rabin fushin nawa ne, na kaina.

Ina da shekara goma sha tara aka kawo ni gidan nan daga Mahuta. Siririya ce ni a lokacin, zani sai na zagaya shi sau biyu. Lafiyata ƙalau, ina daka, ina surfe, ina ɗaukar tulu daga rijiya ba hutawa. Amma Gwaggonku Saude, yayar babanku, ba ta da aiki sai ni. In an yi baƙi sai ta ce su yi haƙuri, amaryar tasu karan dawa ce, kada su yi atishawa kusa da ita. In na wuce a tsakar gida sai ta tambaya ko ƙanenta ba ya ciyar da ni ne. Mata su yi ta dariya, ni in shiga ɗaki in yi kuka. Babanku bai taɓa cewa komai a kan jikina ba, ko sau ɗaya, amma ban saurari shirunsa ba, bakin Saude na saurara.

Akwai wani mai tallan magani da ke shigowa unguwa da faranti a ka ranar kasuwa. A wurinsa na fara sayen ƙwayar da ake kira sha-ka-fashe. Sunan ma kaɗai ya isa mai hankali ya gudu, amma ni na miƙa hannu. Shekara biyu ina haɗiya. Na ci abinci kamar ba gobe, fuskata ta kumbura ta yi zagaye, wuyana ya yi layi-layi, aka fara cewa kai amarya ta murje, gidan Alhaji akwai daɗi. Na ji daɗin maganar, wallahi na ji. Abin da ba su gani ba shi ne ƙafafuna da ke kumbura da yamma, da bugun zuciya, da fatar cikina da ta tsattsage tun ban yi cikinki ba. Shekaru suka ja, ciwon suga ya kama ni. Da na gaya wa likita tarihin ƙwayar, ya ce ba zai rantse ita kaɗai ce sanadi ba, amma tana da hannu. Ke kika kwana da ni a asibiti lokacin da aka cire mini yatsun ƙafa biyu, ke kika riƙa wanke mini ciwon. Kin ɗauka ƙaddara ce kawai ta faɗo daga sama. Ƙaddara ce, amma da hannuna na biya kuɗinta ranar kasuwa.

Don haka da na ga kwalbar nan a akwatinki, farantin mutumin nan na gani. Ni na sha don in ƙara, ke kina sha don ki rage, amma abu ɗaya ne: mace ta haɗiyi abin da ba ta san mene ne ba saboda bakin mutane. Kada ki sake sa wa cikinki wani abu sai likita ya rubuta da hannunsa. Ko wace ce ta kawo miki, ko ƙawa, ko 'yar ɗakinku a sansani, ko matan nan na cikin waya masu nuna hoton jiya da na yau, ki ce uwarki ta hana. Ki ɗora laifin a kaina, na iya ɗauka.

Na biyu, ni ma na taɓa fara motsa jiki na bari, kuma sikeli ne ya kore ni kamar yadda ya kore ki. Lokacin kina makarantar kwana. Likita ya ce in riƙa tafiya a ƙasa kullum, sai na fara bin hanyar Maska bayan sallar asuba idan gari ya yi haske, in je har gadar nan in dawo. Kwana uku na farko na ɗauka mutuwa zan yi. Cinyoyina suka yi tsami, in zan durƙusa alwala sai na dafa bango. Yunwa kuwa kamar an buɗe rami a cikina. Na daure har kwana goma. Rana ta goma sha ɗaya na saci jiki na shiga zaure, na hau sikelin da babanku ke auna masara kafin a kai kasuwar Dandume. Na ga na ƙaru. Na sauko na ce aikin banza, ina wahala ina ƙara nauyi, gara in zauna a kan kekena. Na zauna ɗin kuwa. Shekara goma sha ɗaya na yi a zaune, sai da wuƙar likita ta tashe ni.

Abin haushin shi ne na san gaskiya tun kafin nan, da idona na gan ta. Bayan na yi ƙibar ƙwaya na je gida Mahuta lokacin kasuwar auduga. Da aka gama awo mata suka fara wasa, kowa na hawa sikelin auduga ana shewa. Akwai Jimmai, Bamagujiya maƙwabciyarmu, wadda ke noma kafaɗa da kafaɗa da mijinta tun daga huɗa har girbi. Ni na taɓa ɗinka mata riga, na san awonta, ƙuguna ya fi nata da kusan taƙi guda. Kowa ya ce ni zan fi nauyi. Na hau, ta hau, ta fi ni. Aka yi ta mamaki, Jimmai ta kama damtsena ta matsa, ta ce nawa auduga ne nata masara. Ke ɗiyar mai hatsi ce, kin san buhun auduga ya fi na masara cika ido, kin kuma san wanda ke karya bayan ɗan dako. Jimmai tana nan har yau, ta girme ni da shekara goma, da ƙafarta take zuwa kasuwa, yatsunta goma cif.

Haka kuma duk farkon damina na ga mazan gidanmu. Makon farko na noma babanmu ba ya iya miƙewa sai ya yi nishi, ya ci tuwo malmala uku, hannuwansa su kumbura har zobe ya ƙi fita. Babu wanda ya taɓa cewa Baba ya yi ƙiba, a ajiye fartanya. An san jiki ne ke karɓar aiki. Kafin a yi maimai, wato noma na biyu, sai ka ga tumbin rani ya tafi, mutum ya tsaya ƙyam.

Jiya da na ba Malama Asabe wannan labari ta ce ai shi ke nan, abin da take ta so ta gaya miki ke nan kika ƙi ɗaukar waya. Ta ce wanda ya fara ɗaga ƙarfe da gudu a kan injin nan, tsokarsa tana riƙe ruwa yayin da take gyara kanta, shi ne tsamin da ake ji, shi ne kuma sikeli ke fara nunawa. Ta ce a hankali tsoka na ƙaruwa kitse na raguwa, kuma tsoka ta fi kitse nauyi ko da ba ta kai shi cika wuri ba. Ta ce mace ma nauyinta na hawa yana sauka da kwanakin wata, wanda ya hau sikeli da safe ya sake hawa da yamma zai ga lamba biyu. Har ta ce yunwar da kike dawowa da ita ba abin kunya ba ce, abin dubawa shi ne me aka ci. Ni ban yi karatun wannan ba, amma ban ji abin da ya saɓa wa abin da na gani a gona ba. Saboda haka in kin koma, kuma za ki koma, ki ba jikinki lokaci. Kada ki yanke masa hukunci a kwana goma kamar uwarki, ko a wata biyu da rabi kamar ke.

Na uku ya fi waɗannan ciwo. Ranar sunan jikar Saude, kin tuna. Kin shigo da tiren shinkafa, hannun rigarki ya ɗan kama ki, Saude ta dube ki sama da ƙasa a gaban mata sun fi ashirin ta ce, “Wai jim ɗin nan rage ƙiba ake yi, ko kiwo ake yi muku? Ku dubi damtse kamar mai dakau.”

Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi. Na ga kin juyo kin dube ni, na sunkuyar da kai na ci gaba da dariyar, don kada a ce na tare wa ɗiyar fari, ba ni da kunya. Matar da ta kira ni karan dawa har na haɗiyi guba, ita ce dai ta buɗe baki a kanki, bakin bai canza ba sai dai haƙoran da suka ragu, ni kuma na taya ta. Tir da wannan dariya tawa. Da na lissafa jiya, kwana huɗu ne tsakanin sunan nan da ranar da kika bar jim.

Ki sani, irin su Saude ba su da awo. In kin rame su ce ciwo, in kin yi jiki su ce kiwo, in kin tsaya tsakiya su nemo wani abin a hancinki. A can ma za ki same su, wasu da kakin bautar ƙasa irin naki. Ki gaishe su da ladabi ki wuce. Ita kuwa Gwaggonku na je gidanta jiya da la'asar. Ban yi mata rashin kunya ba, yayar mijina ce, amma na cire takalmi na nuna mata ƙafata, na ce wannan aikin bakinta ne da wautata, kuma ba za a yi na biyu a gidana ba. Shekara talatin ina riƙe da maganar. Ta ce ita wasa take yi. Na ce na sani, ni ma da wasa na fara.

Yanzu ɗauko siket ɗin.

Kin san ni da ido. Shekara ashirin da shida ina ɗinki, mace ta shigo ɗakina kafin ta zauna na san awonta, tef don tabbatarwa ne kawai. Mako uku da fara zuwanki jim na ga siket ɗin nan ya fara zamewa daga ƙugunki, kaɗan ne, ke ba za ki lura ba. Abin ya tsaya mini a rai. Ɗiyar mai ɗinki tana yawo da kaya suna reto, me za a ce da ni? Kuma ba zan iya kiranki in ce zo in auna ki ba, yaushe na taɓa? Sai na jira kika fita, na kwashe siket ɗinki guda biyar daga kan igiya, na buɗe shafin ciki, na rage rabin inci a ƙugu, na mayar da shafin na rufe, na goge na ninke miki. Bayan mako uku na sake ganin haka, na sake rage rabin inci. Ana saura kwana kaɗan sunan gidan Saude na rage inci guda cur. Hannun riga kuwa da cinya, inda tsoka ta fara cika, ban buɗe ba, don babu sauran yadi a wurin. Ina yi ina jin daɗi a raina, ina cewa yarinyar nan aikinta na kyau, Allah ya ƙara. A raina kawai.

Kin ga abin da na yi miki? Ke kina zuba gumi wata biyu da rabi, ki dawo ki sa siket ki ji shi daram kamar ranar farko. Ki sa riga ki ji hannu ya matse. Ki hau sikeli ya ce kin ƙara kilo biyu. Shaida guda ɗaya tak da za ta gaya miki gaskiya ita ce ƙugun siket ɗinki, ni kuma ina bin ta a ɓoye ina ɗinkewa. Wace yarinya ce ba za ta ce ƙiba take yi ba?

Har kin zo kin tambaye ni. Wata ranar Laraba, ina kan keke, kika tsaya a bakin ƙofa kina murza gefen mayafi, kika ce, “Inna, kamar na ƙara ƙiba ko?”

Na ce, “Ni ina na sani? Je ki duba miyar can kada ta kama.”

A lokacin nan siket ɗin da ke kan cinyarki yanzu yana bayan kekena, ko zaren ban gama yankewa ba. Kalma huɗu ta ishe ni: ƙugunki ya ragu sosai. Na haɗiye su saboda kunya, ke kika je kika haɗiyi ƙwaya. Tun jiya nake juya wannan, na rasa inda zan sa kaina. Kunyar ɗan fari al'adarmu ce, ban ce a zubar da ita ba, amma kunyar da za ta sa ɗiyata ta faɗi kusa da wuta ina kallo, wannan ba kunya ba ce, sakarci ne, kuma nawa ne.

Juya siket ɗin ciki waje. Na farke shafin da reza na bar shi a buɗe. Za ki ga layin ɗinki uku a gefen ƙugu bayan na asali. Na farko da baƙin zare, na biyu da kore, na uku da ja don koren ya ƙare mini ranar. Na sa miki tef ɗina a aljihun akwati, daidai inda na ciro ledar nan, tsohon tef ɗina mai ruwan ɗorawa wanda ba na ba kowa aro. Ki auna da kanki abin da layukan nan suka cinye, inci biyu ne. Duk ukun na yi su ne kina zuwa jim, kina cin tuwonki, kina dawowa da gumi kina waƙa a bakin rijiya. Tun da kika koma shayi da yunwa ban ƙara ko ɗinki ɗaya ba, don babu abin ragewa. Ƙugun yana nan inda kika bar shi. Abin da ya tafi shi ne damtsen nan da Saude ta yi wa dariya, da kumatunki, da hasken idonki. Wata ɗaya da rabi kina azabtar da kanki, naman kirkin kika zubar.

Shayin da ƙwayoyin na zuba su a masai, kwalayen na sa a murhu. In kina so ki yi fushi ki yi, kina da hanya mai tsawo da za ki huce. A madadinsu akwai dambun nama da ƙuli-ƙuli da soyayyar gyaɗa a cikin bokitin roba. Ki ci. Da kin isa sansani ki je wurin masu duba lafiya ki gaya musu gaskiya, cewa kin yi makonni ba kya cin abincin kirki, kin sha abin da ke sa gudawa, kin taɓa suma, kuma akwai ciwon suga a gidanku. Kada ki ji kunyarsu, kunya ta ishe mu haka a gidan nan. Kada ki fita fareti da cikin wofi ko da abincin nasu bai yi miki ba. Ki nemi wake da ƙwai da awara da ganye, ki sha ruwa da yawa. Abin da za ki rage shi ne lemon kwalba da shayi mai sukari cokali huɗu irin na babanku, ba tuwo gaba ɗaya ba. In an gama sansani aka tura ki inda za ki zauna, ki nemi wurin motsa jiki na mata. In babu, ki yi tafiya da safe tare da wata, kada ke kaɗai a garin da ba ki sani ba. Jiki zai yi tsami, sikeli zai iya hawa, ki bar shi ya hau.

Sikelinki na banɗaki ban sa miki a kaya ba. Yana nan na ɗora masa tukunyar shuka. Duk ƙarshen wata ki auna ƙugu da hannu da cinya da tef, ki turo mini ta waya, ni zan ɗinka in aiko. Daga yau ba zan sake taɓa kayanki a ɓoye ba. In na ga kin ragu zan faɗa, in na ga kin ƙaru zan faɗa, in kin yi kyau ma zan faɗa, ko a gaban wa.

Ni ma na gaya wa Malama Asabe ta sa sunana. Ran Litinin zan fara, da yatsuna takwas, likita ya ce in dai da takalmi mai laushi kuma a hankali babu laifi. Benen nan nasu ne ke ba ni tsoro, amma zan hau. Na san mako na farko zan yi ta tsine wa kowa, na san sikelin zauren babanku zai ce na ƙaru. In na kai rana ta goma sha ɗaya zan kira ki, ki hana ni bari. Ke ma in taki ta zo ki kira ni.

Allah ya kiyaye ki a tafiya da zama. Allah ya tsare miki lafiyarki da mutuncinki da addininki, ya raba ki da mugun baki da mugun magani, ya sa ki gama lafiya ki dawo ki same mu lafiya. Ki yafe mini dariyar nan da ɗinkin nan. Ni fushina bai gama sauka ba tukuna, amma na yafe miki ƙaryar Maska.

Kin tambaye ni ranar Laraba ban amsa ba, ga amsar. A'a, ba ki ƙara ƙiba ba. Kin yi kyau ƙwarai a lokacin, ban taɓa ganin kin yi kyau kamar haka ba, Bilkisu.

Wassalam.

Innarki.